Littafin da Aka Yi Wa Rabon Gado

Akwai wani direban bas da ya ajiye aiki bayan shekara talatin da ɗaya a kan sitiyari. Ba gajiya ya yi ba. Likita ne ya dubi ƙafafunsa da suka kumbura, ya dubi awon jininsa, ya ce ko dai ya sauka daga kujerar nan da kansa, ko a sauke shi. Ya zaɓi na farko.

Zaman gida bai karɓe shi ba. A watan farko ya gyara ƙofar da ba ta lalace ba. A wata na biyu ya kwance rediyon matarsa don ya ga abin da ke sa shi ƙara. Da ya mayar, aka samu rarar kusoshi uku, rediyo kuma bai sake cewa uffan ba. Ranar da ya shiga kicin ya fara koya mata yadda ake yanka albasa, a ranar ta ɗauki mayafinta ta je ta rubuta sunansa a ƙungiyar masu lambu.

Aka ce mata layi ne, sai wani ya bari. Shekara biyu suka yi suna jira. Ita ta fi shi ƙirga kwanakin.

Lambun wani fili ne a bayan tsohuwar ma'aikatar katako, an yanka shi gida ashirin da huɗu. Famfo ɗaya a tsakiya, rumfar kwano da benci biyu a gefe, sai allon da aka rubuta dokoki. Kowa da kasonsa, kowa da abin da yake shukawa, kowa kuma yana da tabbacin maƙwabcinsa bai iya aikin ba.

Shugaban ƙungiyar tsohon sufeton makarantu ne. A bayan idonsa ana ce masa Farfesa. Ya sani, bai kuma taɓa nuna ɓacin rai ba, don a ganinsa ba a yi nisa da gaskiya ba.

Tun kafin zuwan Direba, Shugaba ya ba ƙungiya shawarar ta sayi littafin noman lambu. Shawara ce mai kyau, wannan kam a ba shi. Shi ya je ya zaɓo da kansa: wani ƙato mai koren bango, shafi ɗari shida da wani abu, irin wanda in ya faɗo wa mutum a ƙafa sai an nemi mai ɗori.

Matsalar dai littafi ɗaya ne, mutane ashirin da huɗu. Wanda ya fara aronsa ya riƙe shi mako bakwai. Na biyu ya dawo da shi da shatin kofin shayi a bango. Da rigima ta yi yawa, Shugaba ya kira taro, ya zaro reza daga aljihu.

Aka yi wa littafi rabon gado yana raye.

Mai kabeji ya tafi da babin kabeji. Mai karas ya tafi da na karas. Babin tumatir ya faɗa hannun wani ma'aikaci da daga baya aka yi wa canjin wurin aiki, ya tafi wani gari, ba a sake jin ɗuriyarsu ba, shi da babin. Kasonsa ne ma Direba ya gada.

Shugaba ya riƙe shafukan tsakiya, masu sheƙi, masu hotunan cututtuka da ƙwari kala-kala, wai don kada su lalace a hannun jama'a. Shafukan ƙarshe kuwa, masu ƙananan rubutu kamar tururuwa ta taka tawada, babu wanda ya so. Aka ba Inna Mai Albasa, wata dattijuwa da ba ta karatu, don kada a ce an yi rabo babu ita.

Ta karɓa, ta murza takardar da yatsu biyu, ta yi godiya. Ta ce tana da kauri.

Direba ya dasa tumatir fangali shida. Ya kafa musu sanduna, ya ɗaura kowane reshe da tsumma, ya zuba taki. Ban ruwa kuwa, yadda ya saba da mota haka ya yi. A mota, mutum ya cika tanki taf, ba zai sake waiwayar gidan mai ba sai allura ta kwanta. To ranar da zai ba da ruwa sai fangalin ya koma tafki, sannan ya bar shi kwana huɗu ko biyar har ƙasa ta tsage.

Duk da haka tumatir ya yi kyau. Ganye kore shar, 'ya'ya kamar an jera. Kumburin ƙafar Direba ya sace. Matarsa ta sayi sabon rediyo.

Wata Litinin da safe ya durƙusa yana cire ciyawa, sai ya hangi gindin wani tumatir ya yi baƙi, ya lotsa, kamar an ɗora shi a kan garwashi. Ya ɗaga na kusa, haka. Na gaba, haka. Yana cikin ɗage-ɗagen ne inuwa ta faɗo masa.

"Malam Direba, tsinko min wannan."

Shugaba ne, da hotunansa a cikin jakar leda. Ya gyara tabarau, ya yi ta juya shafuka masu sheƙi har ya tsaya a kan ɗaya. Ya kara tumatirin a gefen hoton.

"Ka gani? Ko tagwaye sai haka."

Gaskiya ne, sun yi kama sosai. Baƙin ɗaya, lotsawar ɗaya.

"Mene ne shi, Shugaba?"

"Cuta ce. Irin wadda ke cinye lambu a mako guda. Tun ina sufeto nake jin labarinta."

"Sunanta fa?"

Shugaba ya juya shafin. Bayansa wani hoton ne, na tsutsa. Ya mayar.

"Sunan ba shi ne abin damuwa ba. Ka dai karanta doka ta bakwai."

Direba ya san doka ta bakwai, tana nan a allo. Duk kason da cuta mai yaɗuwa ta kama, a tuge shukar a ƙone, a bar ƙasar ta huta shekara guda, mai ita kuma ya koma ƙarshen layi. Shugaba ya ce ranar Asabar da safe za a yi taro a tabbatar, kowa ya zo da fartanyarsa.

Da Direba ya isa gida ya faɗa wa matarsa. Ta tashi, ta ɗauke sabon rediyonta daga kan tebur, ta sa a akwati, ta kulle.

"Haba Maman yara, har an kai ga haka?"

"Malam, shekara biyu na yi da kai a gidan nan kana gyara abin da bai lalace ba. Ba ni da wata shekara biyun." Ta dawo ta zauna kusa da shi, muryarta ta sauka. "Kuma ƙafar nan taka, in ka koma kan kujera, ka san inda za ta kai mu. Shi da littafi ya kama ka, ko? To je ka nemo naka."

A wani titi mai cunkoso, tsakanin mai sayar da takalma da kantin magani, akwai wani ɗan shagon littattafai, sababbi da tsofaffi. Mutum biyu ba sa iya wucewa a ciki sai ɗaya ya karkata. Mai shagon dattijo ne siriri, fensir a bayan kunne. Duk titin ana ce masa Kawo-mu-gani.

Direba ya yi sallama ya shiga da ƙarfinsa.

"Littafin noman tumatir nake so. Mafi girma a shagon nan."

"Karantawa za a yi ko jifa?"

"Wani zan rufe wa baki da shi."

"To jifa ke nan." Dattijon bai ko tashi ba. "Me ya sami tumatirin, maigida?"

"Baƙi ya yi."

"Sama ko ƙasa? Ganyen fa? Karan fa?"

 Ƙasa dai Direba ya sani. Ganye kuwa, tun da ya ga baƙin nan bai sake kallonsa ba.

"Ba na sayar da littafin lambu ga wanda ya zo hannu rabbana," in ji dattijon. "Je ka kawo mu gani. Tumatirin guda biyu, da reshe ɗaya da ganyensa."

"Ikon Allah. Na zo saye, kana kora ta?"

"Mai takalmin nan na gefe yana sayar maka ba ka zura ƙafa ba? Ni ma haka. Littafi sai an gwada shi a kan matsalar mutum. In na ba ka wanda bai dace ba, gobe za ka ce karatu ƙarya ne, ka ja min asarar mutum goma."

Direba ya fito yana ƙunƙuni. Ya ce wa kansa shekara talatin da ɗaya bai taɓa cewa fasinja ya koma gida ya kawo dalilin tafiyarsa ba.

Amma ranar Laraba ya yi sammako ya tafi lambu yanko reshe. Rana ta fara ɗagowa, raɓa ba ta bushe ba, babu kowa. Haka dai ya zata.

A can bayan kason Shugaba, inda kuɓewa ta yi tsawo ta yi shinge, wani ya tsuguna yana tona rami da ƙaramar fartanya. Direba ya tsaya cak. Shugaba ne, ba tabarau, ba jakar leda. Ya juye wani abu daga hularsa cikin ramin: tumatir bakwai ko takwas, kowanne da baƙin gindi. Ya mayar da ƙasa, ya tattake, ya waiga hagu da dama.

Direba ya sunkuya a bayan sandunansa har mutumin ya tafi. Sannan ya yanki reshensa ya nufi shago.

Kawo-mu-gani ya shimfiɗa tsohuwar jarida a kan tebur, ya ajiye tumatirin da reshen kamar likita zai yi fiɗa. Ya sauko da littattafai uku.

Na farko ƙato ne mai bango mai tauri. "Buɗe ka ga abin da ya fi damun marubucin," in ji shi. Direba ya buɗe. Babi biyu cur a kan yadda za a kare shuka daga ƙanƙarar sanyi.

"Littafi ne mai kyau," in ji dattijon. "Ga wanda ke zaune inda aka rubuta shi. Ajiye."

Na biyu hotuna ne zalla, tumatir jajawur kamar an shafa masa mai, mutane sun riƙe kwanduna suna murmushi.

"Wannan tumatirinsa bai taɓa ko ciwon kai ba. Na ajiyewa a falo ne. In ka yi baƙi sai su ɗauka kai mai lambu ne."

Na uku ɗan siriri ne, takardarsa ta fara jaja-jaja, zanen hannu ne a ciki, ba hoto ko ɗaya. A kan kanta, ko da kyauta Direba ba zai waiwaye shi ba.

"Je ka ƙarshensa. Akwai jerin matsaloli da lambar shafin kowacce. Nemo taka da kanka. In ba ka same ta da wuri ba, ba naka ba ne."

Direba ya bi jerin da yatsa, yana motsa leɓe. Bai yi nisa ba ya ci karo da ita: baƙi a gindin tumatir, shafi na talatin da takwas. Ya buɗe. Ga zanen tumatirinsa sak. Ya karanta a hankali, ya sake karantawa, don bai yarda da idonsa ba a karon farko.

Littafin ya ce wannan ba cuta ba ce, ba ta kuma yaɗuwa. Akwai abincin da tumatir ke buƙata daga ƙasa, ruwa ne ke kai masa. In yau ambaliya, gobe fari, abincin ba ya isa ƙarshen ɗan tumatirin, sai wurin ya mutu ya yi baƙi. Ganye zai kasance lafiya lau. A tsinke waɗanda suka ɓaci, a riƙa ba da ruwa daidai kullum, a rufe gindin shukar da busasshiyar ciyawa. 'Ya'yan da za su biyo baya za su fito sumul.

Direba ya dubi reshen da ke kan jarida. Kore shar, ko ɗigo babu.

"Yaya kake ba da ruwa, maigida?"

Direba ya yi masa bayanin cika tanki. Yana cikin bayanin ya ji yadda maganar ke fita daga bakinsa, sai ya rage murya.

"Tumatir ba bas ba ne," in ji dattijon. "Fasinja ne. Kowace tasha yana son ya sauka ya sha ruwa."

Direba ya yi dariyar da rabonsa da ita tun Litinin. Ya biya, ya sa littafin a aljihun gaba. Har ya juya sai fuskarsa ta sake canzawa.

"Shugabanmu ba zai saurari wannan ɗan mitsitsin ba. Nasa shafi ɗari shida ne. Mai koren bango."

Dattijon ya ciro fensir daga bayan kunne. "Tsohon sufeto? Ni na sayar masa. Na ce ya ɗauki ƙanana shida a maimakon ƙato ɗaya, don ku riƙa zagayawa da su. Ya ce ƙungiyarsu ba ta yara ba ce. Amma fa littafin ba shi da laifi, yana cikin masu kyau. Me ya ce a kan tumatirinka?"

"Hoto kawai aka nuna min."

"To ai kowane hoto da lamba a ƙasansa. Bayanin lambobin yana ƙarshen littafin. Ku duba mana."

Nan Direba ya ba shi labarin rabon gado. Dattijon ya nemi kujera ya zauna a hankali.

"Da reza?"

"Sabuwa ce," in ji Direba, don ya kwantar masa da hankali.

A gida ya faɗa wa matarsa komai, har da ramin bayan kuɓewa. Idonta ya yi haske.

"Shi ke nan, Malam! Ranar Asabar ka ɗauki fartanya ka tone ramin a gaban kowa. Mu ga ko doka ta bakwai ta san sufeto."

"Na yi tunanin haka."

"To?"

"Na ga fuskarsa, Maman yara. Ba fuskar mugu ba ce, ta mai tsoro ce. Na sha ganin irinta a madubi, in direban bayana ya ji birkinsa ya ƙi. Irin wannan ba a tare masa hanya, matsa masa ake yi ya samu wurin tsayawa."

"Shi ya matsa maka?"

"A'a."

"In suka tuge maka tumatir fa?"

"In littafin ya kasa, sai mu ga abin da hali zai yi."

Ta dube shi, ta dubi akwatin da rediyo ke ciki, ta ce Allah ya kyauta.

Ranar Asabar rumfa ta cika. Wasu a benci, wasu a kan bokiti da aka kife, fartanyoyi jingine da ginshiƙi. Shugaba ya ɗaga hoton ya zagaya da shi, ya ɗaga tumatirin Direba ya zagaya da shi. Jama'a suka yi ta jinjina kai. Mai kabeji, wanda kasonsa ke jikin na Direba, ya ce shi tun farko bai yarda da tumatirin nan ba.

Direba ya nemi izini, ya zaro ɗan littafinsa, ya karanta shafi na talatin da takwas. Karatun ya ɗan yi gargada, amma ya isa.

Shugaba ya karɓi littafin da yatsu biyu, ya auna nauyinsa a tafin hannu.

"Malam Direba, da girmanka. Za mu sa lambun mutum ashirin da huɗu a haɗari saboda littafin da iska za ta iya ɗauka?"

Aka yi dariya.  Daga inda Direba yake tsaye yana hangen kuɓewar nan, taku ashirin ne kawai, ga fartanya a gefensa. Ya ɗauke kai.

"Gaskiyarka, Shugaba, nawa ƙarami ne. To mu tambayi babban. Wace lamba ce a ƙasan hoton?"

Shugaba ya matso da shafin kusa da tabarau. "Goma sha huɗu."

"Wanda ya sayar maka da littafin ya ce bayanin lambobin yana shafukan ƙarshe."

 Kawuna suka juya ɗaya bayan ɗaya zuwa ƙarshen benci, inda Inna Mai Albasa ke zaune tana gyangyaɗi.

"Inna, shafukan nan da aka ba ki, suna nan?"

"Wane shafi? Au, takardar nan mai kauri? Tana nan. Ai ban taɓa samun wadda ta kai ta riƙe iri ba."

Ta jawo wani gwangwanin madara daga jakarta ta buɗe. Ƙunshi-ƙunshi ne a ciki, sun fi arba'in, kowanne an naɗe shi tsaf da shafin littafi. Mai karas ya miƙa hannu, ta buge shi.

"Kul! Babu mai kwance min iri sai an kawo abin zubawa. In kuka haɗa min latas da alayyafo, ba doka ta bakwai ba, ta saba'in ma sai na karanta muku."

Aka bazama neman mazubi. Murfin bokiti, kofin shan ruwa, tafin hannu, hular sakataren ƙungiya. Inna tana kwancewa tana faɗin sunan kowane iri daga yadda ta naɗe shi, sakatare yana miƙar da takardun a kan gwiwarsa yana neman lamba. Aka samu bayanin hoto na talatin. Aka samu na shida, rabinsa. Direba yana tsaye da irin kabewa a hannu biyu, ba halin ya share gumi.

Saura ƙunshi uku a gwangwani, Inna ta ɗago ɗaya ta rungume.

"Wannan albasata ce ta asali. A hankali."

A jikinsa aka samu. Sakatare ya miƙa wa Shugaba takardar, duk ta yi layi-layi, tana warin albasa. Shugaba ya gyara murya irin ta duba makaranta ya fara karantawa.

Hoto na goma sha huɗu, in ji babban littafi, ruɓar gindin tumatir ce. Rashin daidaiton ban ruwa ke kawo ta. Ba ta yaɗuwa, ba a tuge shuka dominta. Kada a rikita ta da ta hoto na goma sha biyar, wadda ke fara kama ganye da kara, ita ce mai cinye lambu.

Shafi ɗari shida ya faɗi abin da shafi na talatin da takwas ya faɗa, sai dai da ƙananan baƙaƙe.

Rumfa ta sauke numfashi gaba ɗaya. Mai kabeji ya ce shi daman ya san tumatirin nan lafiyarsa ƙalau. Shugaba kuwa ya zauna daɓas a benci, ya cire tabarau, ya ce "Alhamdu lillahi" da wata irin murya da ba ta shugabanci ba.

Inna ta kalle shi ta gefen ido. "Kai kuma wannan hamdala haka, kamar naka ne ya warke?"

"Taya ni murna yake, Inna," in ji Direba da sauri. "Shugaba ai uban kowa ne."

Shugaba ya ɗago ya dubi Direba, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya miƙe.

"A'a. Nawa ne ya warke." Ya sa hannu a aljihu ya fito da wata takarda a ninke. "Kwana goma ke nan ina binne tumatir a bayan kuɓewa kamar mai ɓoye gawa. Ni ma sai ƙarshen mako nake cika fangali da ruwa, saboda tarurruka. Da na ga na Malam Direba, na ce ga inda ta fito. Niyyata in an tuge nasa yau, gobe in tuge nawa, in miƙa wannan." Ya ɗaga takardar. "Ta murabus ce. Doka ta bakwai ba ta ware shugaba ba."

 Inna ce ta miƙa hannu, ta murza gefen takardar da yatsu biyu.

"Tana da kauri. Ba ni, tunda kun kwance min albasa."

Aka bushe da dariya, har da Shugaba. A gaban kowa ta naɗe irin albasarta da takardar murabus, ta jefa a gwangwani, ta rufe.

Da jama'a suka watse, Shugaba ya sami Direba a bakin famfo yana tarar ruwa, rabin bokiti.

"Malam Direba, ranar Laraba ka gan ni."

"Ni direba ne, Shugaba. Hanya nake kallo."

 Shugaba ya ce, "Shagon nan, ƙarfe nawa yake buɗewa?"

"Takwas. Amma ka tafi da ganye. In ba haka ba zai koro ka, ko kai sufeto ne."

A makon da ya biyo baya aka tattaro gadon daga hannun magada, aka kai wa Kawo-mu-gani ya ɗinke. Ya yi aikin bai ce komai ba, wanda ya fi faɗa ciwo. Littafin yana nan a rumfa yanzu, ɗaure da igiya a jikin ginshiƙi, ƙarshensa yana warin albasa. Babin tumatir bai dawo ba. Ɗan littafin Direba ne a madadinsa, tare da wasu ƙanana biyar da ƙungiya ta sayo, kowanne bayan an je da ganye an gwada.

Bayan mako uku sababbin 'ya'yan tumatir suka fito. Direba ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga gindinsu kamar mai duba taya kafin tafiya. Sumul. Da suka nuna, ya cika kwando ya kai gida.

Matarsa ta juya tumatir biyu ta duba, ta ajiye. Ta ɗauko mabuɗi, ta buɗe akwati, ta mayar da rediyonta kan tebur, ta kunna.

Darasi: Littafin da zai amfane ka shi ne wanda matsalarka ke ciki, kuma za ka iya nemo ta da kanka, komai ƙanƙantarsa. Kafin ka saya, gwada shi a kan ganyenka. Kafin ka yanke wa wani hukunci, karanta bayanin, kada ka tsaya a kan hoto. In kuma asirin wanda ya matsa maka ya faɗo hannunka, bar masa hanyar da zai faɗi gaskiya da bakinsa. Ku tura wa duk mai lambun da kuka sani, musamman wanda ya riƙe hotunan.